Dutsen Sassaƙa da Dutsen Jifa

Ranar wata Talata cikin daminar bara na biya ta kasuwar Farin Gada da sassafe, da niyyar in sayi kayan miya in aika gida kafin in wuce Naraguta inda ɗalibai ke jirana. Motocin tumatir da kabeji sun riga sun iso, 'yan dako suna ta kai da kawowa cikin taɓo, sai na ji ihu daga wajen wata rumfa. Ashe mujiya ce gari ya waye mata a ƙarƙashin kwanon rumfar, wani yaro ya harbo ta da danƙo, ta faɗo da karyayyen fiffike tana jan jiki tsakanin kwanduna. Kafin ka ce kwabo an yi mata zobe. Kisan mujiya bai isa ya tsayar da wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba, domin kowa ya san abin da ke samunta in rana ta kama ta a fili. Abin da ya tsayar da ni shi ne maganar wani magidanci da ya ce, "Ku bar ganin ta haka, ba tsuntsuwa ba ce. Tsohuwar nan mai daddawa yau kwana biyu ba ta fito ba. Ku zuba ido, ranar da ta zo za ku ga hannunta a ɗaure." Wani daga baya ya ƙara da cewa ai ɗan wane ma kwana uku ke nan yana kwance. Aka yi ta jifa da duwatsu har ta daina motsi. Ni kuwa, da digirina na uku da shekaruna arba'in da 'yan kai, na karɓi canjina na tafi aji na koyar da sigogin tatsuniya.

Tun daga wannan rana wata tambaya ta hana ni sakat, kuma ita nake so in shimfiɗa a gaban mai karatu. Abin da magidancin nan ya faɗa a taƙaice shi ne, akwai mutum a cikin wannan tsuntsuwa. To, wannan magana ba shi ya fara ta ba. Shekaru dubbai ke nan 'yan Adam, a sassan duniya da ba su taɓa jin labarin juna ba, suna faɗin ta da yumɓu da haure da dutse, suna ƙera mutum mai bakin tsuntsu ko tsuntsu mai fuskar mutum. A yau irin waɗannan abubuwa ne ake killacewa cikin gilashi ana biyan kuɗi a gan su, mu malamai muna rubuta takardu a kansu muna neman ƙarin girma. In har maganar ɗaya ce, me ya sa muke girmama masassaƙin, muke jin kunyar magidancin? Ko kuwa bambancin bai wuce na tsufa ba, wato camfin da ya shekara dubu biyu shi ake kira fasaha, wanda aka yi jiya kuma a kira shi jahilci?

Bari mu fara daga gida. A 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba ta kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu, aka kawo shi Jos aka ajiye, ba wanda ya damu da shi. Wajen 1943 kuma wani akawun ma'adinai a kusa da Jama'a ya sami wani kan, wannan karon babba, na mutum sosai, da idanu masu huda da kitso a tsare. Ya ɗauke shi ya kai gonarsa ta doya ya kafa, ya zama mutum-mutumi. Kan nan ya yi kamar shekara guda yana gadin doya kafin ya kai ga hannun Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulki da ya karanci ilimin tone-tonen tarihi a Kambirij. Fagg ya kwatanta shi da na 1928, ya gane aikin al'umma ɗaya ne, ya raɗa mata sunan Nok, kuma shi ne ya tsaya har aka buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952. Na daɗe ina jin daɗin wannan labari. Ga fuskar mutum da ke cikin mafiya tsufa da aka ƙera a Afirka kudu da Sahara, amma aikin farko da zamaninmu ya ba ta shi ne korar tsuntsaye. Ban ga laifin akawun ba, shi dai ya ga abin da zai tsorata makwarwa ya yi amfani da shi, kuma da ya bar kan a ramin kuza da watakila tuni ya zama gari.

Su kuwa mutanen da suka ƙera kan, ba haka suka raba tsakaninsu da tsuntsu ba. Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, tare da hukumar kula da gidajen tarihi ta Nijeriya, suka shiga haƙa a tsanake a ƙasar Nok. Suka nuna cewa al'ummar ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), tana noman gero, daga baya ta iya narka ƙarfe, kuma ƙera surorin yumɓu ya bunƙasa daga wajen shekara 900. A wani wuri da ake kira Pangwari, cikin tarin gutsattsarin da aka binne, an sami surar da ta haɗa mutum da tsuntsu, ido irin na Nok da kowa ya sani, baki kuwa na tsuntsu. Masu binciken sun lura cewa da gangan aka farfasa surorin kafin a binne su. Mutanen Nok ba su bar rubutu ba, saboda haka surar ta zo mana ba tare da fassararta ba, kowa sai ya ɗora mata abin da ke ransa. Mu kuwa gwanayen haka ne. A irin waɗannan wurare ne ake tsintar gogaggun duwatsun da mutanen da suka wasa suka sare itace da su, waɗanda kakanninmu suka kira gatarin aradu, suka ce daga sama suke faɗowa tare da tsawa, bokaye kuma suka sa su cikin kayan aiki. Kayan aikin manomi ya zama makamin sama don kawai mai shi ba ya nan balle ya yi musu.

In muka leƙa waje sai mu ga abin ya fi haka yawa. A kogon Lasko na Faransa, wanda wasu samari suka gano a 1940, an cika bango da dawaki da shanu da barewa, amma surar mutum guda ɗaya ce tak a duk kogon, ita ma da kan tsuntsu, kwance a gaban wata ɓauna da aka farke wa ciki, gefenta kuma ga sanda da tsuntsu a samanta. Zanen ya kai kimanin shekara 17,000. Misirawan da sukan zana wani ɓangare na ran mamaci, wanda suke kira ba, a matsayin tsuntsu mai kan mutum da ke fita daga kabari da rana ya koma da dare. A kangon birnin duwatsu na Zimbabuwe an sami tsuntsaye takwas da aka sassaƙa da dutse mai laushi, ƙafafunsu da yatsu irin na mutum, ɗaya har da leɓɓa. A 1889 wani mafarauci, Willi Posselt, ya sare ɗaya daga kan ginshiƙinsa ya sayar wa Cecil Rhodes, kuma surar irin wannan tsuntsu ce ke kan tutar Zimbabuwe tun 1980. Dalilin da ya sa tsuntsu ne ya fi jan hankalin ɗan Adam ba shi da wuyar ganewa. Yana tafiya da ƙafa biyu kamar mu, yana gina gida, yana waƙa, yana ciyar da 'ya'yansa baki da baki, sannan yana da abu guda da muka rasa, wato in ƙasa ta yi masa zafi ya tashi ya bar ta.

Duk waɗannan masu su sun mutu sun bar mu da kame-kame. Akwai dai wata al'umma da ta ci gaba da irin wannan sassaƙa har zamaninmu, kuma tana da bakin bayani, su ne Inuit mazauna ƙasashen ƙanƙara na arewacin Kanada da Girinlan da Alaska, waɗanda Turawa suka daɗe suna kira Eskimo. A harshensu mutum ɗaya shi ne inuk, mutane kuma inuit. Daga wannan tushe suka sami kalmar inua, wadda ake iya fassarawa da "mutumin abu" ko "mai shi". A tsohon tunaninsu kowace dabba da kowane tsuntsu, har teku da iska, yana da inua ɗinsa, wato wani mai hankali da ke ciki, mai jin daɗin mutunci, mai jin zafin wulakanci. (Bahaushe zai ji kalmar ta yi masa kama da inuwa. Kamar sauti ce kawai, harsunan ba su haɗa komai ba, sai dai ina amfani da ita don ɗalibai su riƙe.) Kakanninsu da suka bazu daga Alaska zuwa gabas kimanin shekara 800 zuwa 1000 da suka wuce sun bar wasu 'yan ƙananan sassaƙe-sassaƙe na haure, ba su wuce gaɓar yatsa ko biyu ba, masu shafaffen gindi kamar agwagwa tana iyo. Wasu tsuntsaye ne zalla, wasu kuma daga ƙirji zuwa sama mace ce, daga nan zuwa ƙasa tsuntsuwa. A wata hikaya da Edward Nelson ya ji daga mutanen mashigin Bering ya buga a 1899, hankaka ne ya tarar da mutum na farko a duniya, ya ture bakinsa sama kamar mai cire hula, sai ga fuskar mutum a ƙarƙashi, suka yi magana. Yupik, 'yan uwan Inuit na Alaska, sukan sassaƙa abin rufe fuska na rawa da siffar tsuntsu, a tsakiyar cikinsa ko bayansa kuma ga 'yar fuskar mutum tana leƙowa.

Abin lura a nan shi ne abin da wannan imani ya ɗora wa mai shi. Inuit mafarauta ne, ƙasarsu ba ta noma, in ba su kashe ba ba su ci ba. Suna cin tsuntsaye da ƙwansu, suna ɗinka riga da fatarsu. To amma tun da akwai mai shi a cikin abin da za a kashe, kisan ya zama da ladabi. In mafarauci ya kashe dabbar tekun nan mai kitse da ake kira sil, sai a narka ƙanƙara a ɗiga mata ruwan daɗi a baki, domin a ganinsu wadda ta rayu cikin ruwan gishiri tana tare da ƙishirwa, kuma baƙuwa ce da ta ba da kanta. Ba a yi wa dabba ba'a, ba a azabtar da ita, ba a kashe wadda ba a bukata. Wanda ya saɓa, dabbobin za su ƙaurace wa mutanensa, yunwa ta shigo, sai bokansu, wanda suke kira angakuk, ya yi tafiyar ruhi ya je ya ba da haƙuri. Irin wannan boka ne masassaƙansu suka fi nunawa da fukafukai, rabinsa ya riga ya zama tsuntsu.

Sassaƙar Inuit da ake gani a gidajen tarihi a yau yawancinta ta zamani ce, ta kasuwa ce kuma. Wani mai zane ɗan Kanada, James Houston, ya je arewa a 1948 ya ga 'yan sassaƙe-sassaƙensu na dutse, a 1949 aka yi baje kolinsu a Montreal aka saye su kaf, daga nan sana'a ta buɗe wa mutanen da cinikin fata ya fara mutuwa a hannunsu. A garin Kinngait, daga 1957, suka koyi sassaƙa zane a kan shafaffen dutse, a shafa tawada a buga a takarda. A nan ne wata mata, Kenojuak Ashevak, wadda ta rayu daga 1927 zuwa 2013, ta zana wata mujiya a 1960, mai ido biyu a buɗe tana kallon mai kallonta, gashin jelarta ya bazu kamar hasken rana. A 1970 gwamnatin Kanada ta sa wannan mujiya a kan sarki. Duk lokacin da na ga hoton sai in tuna tamu cikin taɓon Farin Gada. Adalci dai shi ne in faɗa cewa tasu mujiyar fara ce, tana farauta da rana tsaka a lokacin da rana ba ta faɗuwa a ƙasarsu, ba ta san ɗaukar laifin dare ba. Akwai kuma wani abu da ke ƙarƙashin yawancin duwatsun da aka sassaƙa a wancan zamani. Daga shekarun 1940 gwamnati ta ga sunayen Inuit sun yi mata wuyar rubutu, sai ta ba kowa lamba a jikin wani ɗan faifai da zai rataya a wuya, ba a daina ba sai wajen 1970. Masassaƙa da yawa da wannan lamba suka sa hannu a aikinsu. Mutanen da suka ga mutum a cikin tsuntsu, su ne hukuma ta ƙirga da zobe kamar tattabaru.

Mu Hausawa ba masassaƙan sura ba ne, tamu sassaƙar a baki take, kuma ta cika da tsuntsaye. Hankaka mai da ɗan wani naka, belbela ci da motsin wani, angulu ba ki jewar banza, duk wanda ya ji waɗannan ya san ba tsuntsu ake nufi ba, akwai wani maƙwabci ko ɗan uwa da aka ɗora wa baki da fiffike. Zakaran da Allah ya nufa da cara mutum ne, haka tsuntsun da ya ja ruwa. A tatsuniya kurciya ce ke tona asirin da mutanen gida suka rufe, kuma Abubakar Imam, a Magana Jari Ce, aku ya ɗauka ya ba shi hikimar da ta fi ta fadawa har ya kai shi ga sarautar waziri. Wannan duk wasa ne mai amfani, kowa ya san iyakarsa. Inda wasan ke ƙarewa shi ne wajen maita. A nan ba a cewa wance kamar mujiya take, cewa ake yi ita ce. An ce maye yana da ƙanƙara a ciki, yana ganin kurwar mutum kamar ɗan tsako ya kama, yana rikiɗa da dare ya sauka a kan rufin gidan da yake nema. Maganin kuwa a taru a kansa, a tuɓe shi, a sa shi ya tsallake marar lafiya. Na shekara ashirin ina tattara labaran baka, kuma a duk waɗanda na ji, wadda ake tuɓewa tsohuwa ce ko gwauruwa ko baƙuwa, mai ƙaramin jari, wadda ba ta da ɗa namiji a kusa da zai tsaya mata. Ba a taɓa ba ni labarin mujiyar da aka jefa a kasuwa aka ce mai motocin tumatir ne ba. Abin kuma bai tsaya ga ƙauye ko ga Hausawa ba. A 2014 jaridu sun ba da labarin wata mata da aka tarar a Oshodi ta Legas jikinta duk a ƙone, jama'a suka kewaye ta suna ɗaukar hoto da waya, ana cewa tsuntsuwa ce ta taɓa wayar lantarki ta faɗo ta koma mutum.

A nan ne nake ganin amsar tambayata ta fara fitowa. Mafaraucin Inuit da magidancin Farin Gada kalma ɗaya suka furta, amma kowa da inda ya nufa da ita. Mafaraucin da ya ce akwai mutum a cikin tsuntsu, kansa ya ɗora wa nauyi, ya ƙara yawan waɗanda ke da haƙƙi a kansa, ya rage abin da hannunsa ke da izinin yi. Magidancin da ya faɗi haka nauyi ya sauke, kuma ya sauke biyu a lokaci guda. An kashe tsuntsuwar domin akwai mutum a cikinta, an ƙaurace wa tsohuwar domin akwai tsuntsuwa a cikinta, ita wannan ba ta sami sassaucin da ake yi wa dabba ba, ita waccan ba ta sami haƙƙin da ake ba mutum ba. Bugu da ƙari akwai maganar kallo. Ba mai iya fitar da mujiya daga dutse sai wanda ya daɗe yana kallon mujiya, ya san yadda take juya wuya, yadda take sauke fiffike, inda nauyinta yake in ta tsaya. Sassaƙa kan ci kwanaki, kuma duk kwanakin nan mutum yana tare da abin da yake sassaƙawa. Jifa ba ya bukatar wannan. A cikin waɗanda suka yi wa mujiyar zobe, ni ma ina ciki, ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya kawo ta rumfar, alhali amsar tana ƙarƙashin buhunan dankali, inda ɓeraye ke yi wa 'yan kasuwa ɓarna kowane dare.

Zan so in tsaya a nan, amma akwai ƙorafi biyu da ba zan tsallake ba. Na farko wata ɗalibata ce ta kawo shi ranar da na kai aji gidan tarihi na Jos. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, don Allah waɗannan ba gumaka ba ne? Mene ne namu a ciki?" Na ce mata, "Malama, ni ba mai fatawa ba ne, kuma ban kawo ku ku rusuna wa kowa ba." Hausa da kanta ta raba gunki da mutum-mutumi, kuma abin da ke mayar da sura gunki shi ne abin da zuciyar mai kallo ta ba ta. Kan Jama'a a gonar doya ba gunki ba ne. An kuma umurce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda na gabanmu suka ƙare, dubawa kuwa ba ta yiwuwa da ido a rufe. Ban ce ta yarda da inua ba, ni ma ban yarda ba. Abin da na roƙe ta shi ne ta lura cewa tausayin da Inuit suka gina a kan inua, mu an ɗora mana shi ta wata hanya, tun da an gaya mana tsuntsaye al'ummu ne kamar mu, an kuma ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ta shiga, ta daɗe a gaban wani kai, ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Ƙorafi na biyu nawa ne, kuma ya fi nauyi. Malamin adabi yana da saurin mayar da mutanen nesa waliyyai don ya ji daɗin zagin na kusa. Inuit ba waliyyai ba ne. Su ma suna da tsoron mugun boka, kuma mahaifin Kenojuak kansa, wanda angakuk ne, mutanensa ne suka kashe shi tana 'yar shekara shida. Misirawan da suka ba rai fiffike su ne suka binne miliyoyin gawarwakin tsuntsaye a matsayin baiko ga abin bautarsu. Mutumin Pangwari mai bakin tsuntsu yana iya zama kaka da ake girmamawa, yana kuma iya zama mayen da ake tsoro, kuma fasa shi da aka yi kafin binnewa ya dace da kowanne daga cikin biyun. Ke nan surar da kanta ba ta ba da tabbacin komai, kyanta ma bai ba da ba. Dole in janye rabin maganata: masassaƙi bai fi magidanci don yana masassaƙi ba. Abin da ya rage mini shi ne ma'auni guda, wanda ba ya duban tsufan magana ko kyan aikinta. In mutum ya ce ga abin da ke ɓoye cikin wannan halitta, sai a dubi wanda maganar ta ɗora wa nauyi. In mai maganar ne, ko da kuskure ya yi, kuskuren zai tsaya a kansa. In kuwa wani ne can da ba ya wurin, wanda ba a tambaya ba, wanda ba shi da mai tsaya masa, to ko da maganar ta zo cikin kyakkyawan karin magana, share fage ce ta jifa.

Mu mazauna Jos ba mu bukatar a kai mu Ruwanda, inda a 1994 rediyo ya yi ta kiran mutane kyankyasai kafin a ɗauki adda. Mun ga Satumbar 2001, mun ga Nuwambar 2008, mun ga Janairun 2010 da abin da ya faru a Kuru Karama, da Maris na shekarar da abin da ya faru a Dogo Nahawa. Duk wanda ya zauna a garin nan a waɗannan shekaru, a kowace unguwa yake, ya ji sunayen da aka riƙa kiran mutanen ɗaya ɓangaren da su a cikin gida in an rufe ƙofa, kuma ya san ba sunayen mutane ba ne. Farin Gada tana cikin wuraren da har yanzu ake haɗuwa, manomi daga ƙauyukan tudu ya kawo kabeji da karas, dillali Bahaushe ya yi ciniki, mai saye daga kudu ya cika mota. Shi ya sa abin da na gani ranar Talatar nan ya tsorata ni fiye da girmansa, domin mintin da aka ɗauka daga faɗowar tsuntsuwa zuwa ambaton sunan mutum bai kai biyar ba. A cikin labarin 'ya'yan Annabi Adamu da muka koya tun muna allo, da ɗaya ya kashe ɗan uwansa ya rasa yadda zai yi da gawar, hankaka aka aiko yana tona ƙasa ya nuna masa, har ya yi nadamar kasa zama kamar hankakan. Wannan shi ne hankakan da muke yi wa kirari da kwashe 'ya'yan mutane.

Tsohuwar ta dawo kasuwa bayan kwana biyar, zazzaɓi ne ya kwantar da ita. Ba wanda ya taɓa ta, ba wanda ya ce mata uffan, sai dai masu sayen daddawarta sun ragu, matan da ke zama kusa da ita kuma sun ja tirensu gaba kaɗan. Na je wurinta ranar Asabar, ina jin nauyin shirun da na yi, na ce, "Iya, ina kwana, yaya ƙarfin jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, ɗana. Ta nawa za a ba ka?" Na ce ta ɗari biyar. Ana sanyin Jos irin na bayan ruwa, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, amma ita ta naɗe hannayen rigarta har sama da gwiwar hannu, mayafin ma ta tura shi baya. Ta ƙirga daddawar da hannun dama, ta ƙulla ledar da na hagu, sannan ta miƙo mini da hannu biyu.